Kwas Ɗin Bara

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan La'asar

An saki jadawalin zangon karatu. Na kwafe shi a bayan tsohuwar kalandar da mijina Maharazu ya kawo daga kasuwa, na liƙa a jikin ƙofar ɗaki, yadda ko ina so ko ba na so sai na gan shi. Sababbin kwasa-kwasan ba su dame ni ba. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne na bara, Kula da Lafiyar Uwa da Jariri, wanda ban samu zama jarrabawarsa ba.

Malam Abdulbaqi, mai kula da mu a cibiyar karatu, ya turo saƙon murya a guruf ɗin ajinmu na waya, da muryar nan tasa kamar mai sanarwar ɗaurin aure. Wai duk wanda bai cire kwas ɗin nan a wannan zangon ba, ba shi ba shiga ajin ƙarshe. Kuma bana an ƙara sabon salo: tunda daga gida muke karatun, kowa sai ya ɗauki bidiyon kansa yana yi wa mai ciki awo tun daga farko har ƙarshe, hawan jini, tsayin ciki, kwanciyar jariri, bugun zuciyarsa, ya tura kafin sha biyun ranar Alhamis 22 ga Mayu. Babu bidiyo, babu kujera ranar jarrabawa.

Shamsiyya ba ta zo ba. Tun da muka fara digirin nan duk Asabar sai ta taso daga Ƙofar Mazugal ta zo nan Ɗan Agundi, mu shimfiɗa tabarma mu tsara mako. Aminiyata ce tun muna makarantar koyon jinya. Ni na ja ta ta shiga karatun ma, tana ta raki wai ƙwaƙwalwarta ta yi tsatsa. Yau sai ga saƙo: "Ƙawas, ba na jin daɗin jikina." Na dafa dambu saboda ita. Maharazu ya ci nasa ya ci nata.

Lahadi, da hantsi

Bahijja, nas ɗin ɗakin awo, ta saka hoto a waya: kwamfuta biyu, littattafai, da faranti cike da ɗanyen mangwaro da gishiri da yaji. Ta rubuta "Karatun jiya." A gefen hoton akwai hannu, kuma na san zoben, tunda ni na raka mai shi ta saya.

Ba ta jin daɗin jikinta, amma jikin ya kai ta gidan Bahijja.

Ɗanyen mangwaro kuma. Shamsiyyar da ko kunun tsamiya aka ba ta sai ta yamutsa fuska. Ni dai ban ce komai ba, jadawali nake tsarawa.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan Magariba

Na tsara karatuna ni kaɗai, kuma ya tsaru, ba na buƙatar kowa. Asuba kafin fita aiki: hanyoyin bincike. Bayan Magariba: lissafin alƙaluma, in wuta ta yarda. Littafin kwas ɗin bara na ware masa Juma'a.

Mun haɗu da Shamsiyya a bakin ofishin metiron, shugabar nas-nas. Ta sa wani zumbulelen hijabi a kan yunifom, a wannan zafin da ko ƙadangare yake neman inuwa. Ta ce, "Zaituna, kin ga jadawali? Ni kam na loda wa kaina kaya bana, har da biyu daga na zango mai zuwa."

Na ce, "Sannu, farfesa. Saurin me ake?"

Ta ce, "Kawai dai ina so zango mai zuwa ya yi min sauƙi."

Na ce Allah ya ba da sa'a, na wuce. Wato ta share wa kanta zango guda fes, daga Agusta ba ta da komai sai kwas ɗaya. Ban tambaye ta me za ta yi da hutun ba. Nas ce ni, ba makauniya ba. Tafiyarta ma ta canza.

Juma'a, bayan Asuba

Na karanta babi na ɗaya zuwa na biyar. Na san su kamar sunana, ni na yi taƙaitawar da Shamsiyya ta karanta bara ta ci kwas ɗin da maki mafi girma. Da rubutun hannuna. Na tsaya a babi na shida, na mutuwar jariri a ciki, na tashi na ɗora ruwan shayi.

Asabar, 26 ga Afrilu, da yamma

Ba ta zo ba. Ban dafa komai ba.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan tashi daga aiki

Talata ce ranar awo a asibitinmu. Tun bara da na roƙi metiron ta mai da ni ɗakin maza, ban ƙara bi ta barandar nan ba, ta bayan ɗakin magani nake zagayawa ko da rana za ta gasa ni. Yau na ce wa kaina, Zaituna, ki daina shirme, bidiyo ne kawai, mata ga su nan jere a benci kamar masu jiran motar Kurmi.

Na samu wata baiwar Allah daga Ƙofar Wambai, mai fara'a, cikinta na huɗu. Ta ce, "Sista, ki ɗauka mana, in dai fuskata ba za ta fito ba." Na gwada hawan jininta lafiya. Na ja labule. Gadon nan ne, mai koren leda, har yagewar da ke gefen filo ba a ɗinke ba. Bahijja ta miƙo mini fitoskof, ɗan mazurarin da muke kafawa a ciki mu saurara. Da hannun dama ta miƙo, tana kallon ƙasa.

Bara ni ce a kan gadon, ita ce a sunkuye. Ta daɗe tana matsar da shi daga nan zuwa can, sannan ta ɗago ta ce bari ta kira likita, kuma ba ta kalle ni ba a ranar ma.

Na ce wa matar wayata ta mutu. Wayata cike take da caji. Na fita ta bayan ɗakin magani.

Na san ba Bahijja ce ta yi ba. Na sani sarai. Amma ba na son ganinta, ba na son muryarta, kuma a duk nas-nas ɗin garin Kano ita Shamsiyya ta zaɓa.

Alhamis, 1 ga Mayu, da rana

Hutu. An ɗauke wuta tun safe. Guruf ya cika da masu cewa sun tura bidiyonsu, kowa da ɗan hoton tafi. Na kashe sautin guruf.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan Azahar

Na je cibiyar karatu na samu Malam Abdulbaqi. Na ce masa akwai 'yar tsanar roba mai ciki a makarantar koyon jinya, ko zan iya ɗaukar bidiyon da ita. Ya cire tabarau ya ce, "Malama Zaituna, roba tana da bugun zuciya ne?" Yana nufin wasa ne. Na yi dariya don kada ya ji kunya.

Ya ce ya san abin da ya same ni bara, Allah ya sa mai ceto ne, amma doka ba a hannunsa take ba. In na ga ba zan iya ba, in rubuta a ɗaga mini zuwa baɗi. Sai dai in san cewa 'yan ajina za su gama su bar ni.

'Yan ajina. Mutum ɗaya ce 'yan ajina.

Tun shekarar farko muka zaɓi leshin da za mu yi anko ranar yaye ɗalibai, ni da ita, ruwan zuma. Yana nan a shagon Maharazu a Wambai, a saman kanta, ya naɗe shi a leda ya hana kowa tayawa. Yanzu sai in ga Bahijja a cikinsa. Kalar ma ba za ta karɓe ta ba.

Litinin, bayan Magariba

Babi na shida. Ban buɗe ba.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan La'asar

Yau na yi abin da ban so ba, kuma ban yi nadama ba tukuna.

Na idar da sallah a masallacin mata na asibiti, ina naɗe darduma, sai ga Shamsiyya ta zauna kusa da ni. A hankali ta zauna, hannu ɗaya a ƙasa. Ta ce, "Ƙawas, kin daina ɗaukar wayata."

Na ce, "Karatu ya yi yawa. Mu masu bashin kwas ai ba mu da lokacin hira."

Ta ce, "Bahijja ta faɗa min kin zo ranar Talata."

Kun ji fa. Har hirata suke yi, a kan farantin mangwaro. Na ce, "To madalla. Sai ta ƙara miki da labarin bara, ai ita ce a wurin. Ke kuwa Shamsiyya me kika rasa? Kwas kin ci da takarduna. Abokiyar karatu kin sake. Komai ma kin samu, a kwance, ba ki ko nema ba."

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Wallahi nauyinki nake ji, Zaituna. Kullum sai na shirya zan zo, in na sa takalmi sai in rasa da wane baki zan faɗa miki."

Na ce, "Faɗa min me? Ni na tambaye ki wani abu?"

Na sa takalmina na fita. Sai da na kai ɗakin maza na ga ƙafa ɗaya nawa ne, ƙafa ɗaya nata. Nata ya fi nawa girma yanzu, ƙafarta ta kumbura. Ya kamata ta rage tsayuwa. Ba ruwana.

Alhamis, da safe

Kishi nake yi. Na rubuta, ga shi nan. Ba na yi mata fatan sharri, Allah ya sani, in wani abu ya taɓa ta sai na fi kowa haukacewa. Amma in na tuna ta sai ƙirjina ya yi zafi, in ji me ya sa ita, me ya sa ba ni ba, sai in yi istigfari, sai in sake tunawa.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan Magariba

Maharazu ya dawo ya same ni zaune gaban kalanda kamar mai gadinta. Mutumin nan ba ya magana, in ya yi kalma goma a yini to ranar an yi ciniki. Ya tambaya, na gaya masa batun bidiyo. Sai ya cire riga ya miƙe a tabarma, ya shafa tumbinsa ya ce, "Ga mai ciki nan, Sista. Wata tara har da ɗoriya. Tuwo ne da miyar kuka, amma yana motsi."

Na yi dariya har na ƙware. Na ɗauko tef na auna shi, na ce Alhaji wannan ai 'yan biyu ne. Na bi matakan duka, ina faɗa da Turanci kamar gaban mai jarrabawa, yana amsawa da muryar mata, wai "Sista, ƙafata na kumbura." Da na zo wurin saurare na naɗe takarda na kafa a cikinsa, na sa kunne. Ƙugi kawai nake ji.

Sai na ji cikin yana rawa. Na ɗauka dariya yake. Na ɗago, ya rufe fuska da hannu.

Shekara guda ban taɓa ganin hawayensa ba. Shi ya ɗauki jaririn a hannunsa ya kai maƙabarta, shi ya dawo ya ce mini an gama, ya tafi kasuwa washegari. Na ɗauka ni kaɗai ce.

Da ya wanke fuska ya ce, "Ki kira Shamsiyya."

Na ce ba zan kira ba.

Talata, 13 ga Mayu, da yamma

Ranar awo. Na kai bakin baranda, na ga benci, na juya.

Alhamis, bayan Asuba

Na gama aikin gida na lissafin alƙaluma, na tura. Na gama na hanyoyin bincike, na tura. A kalanda duk na soke su da jan biro, gwanin sha'awa. Layi ɗaya ne ya rage a tsakiya yana kallona.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan La'asar

Yau shekara da rasa jaririna.

Na sauko da ƙaramin akwatin kayan jariri daga saman sif don in goge ƙura. Ban buɗe ba. Na san abin da ke ciki, ni na zaɓo su a Wambai, Shamsiyya ce ta riƙe mini jaka, tana cewa hular nan ta yi ƙanƙanta, kan ɗan Maharazu ba zai shiga ba.

Ta turo saƙo da safe: "Ina tuna yau." Kalma uku. Na karanta ya fi a ƙirga. Ban ba ta amsa ba, amma na ji haushin da ba ta ƙara komai ba, kuma da ta ƙara ɗin ma da na ji haushi.

Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi ta cika baki, ya watse ba ɗigo.

Talata, 20 ga Mayu

Ban je aiki ba. Na ce kaina ke ciwo.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan Magariba

Na tura wa Malam Abdulbaqi saƙo a ɗaga mini kwas ɗin zuwa baɗi. Ya amsa cewa ba zai shigar ba sai sha biyun gobe ta wuce, wai shi ma yana da taurin kai.

Na ce wa Maharazu ya sayar da rabin leshin nan, ko ya ba Bahijja. Ya ce to. Yadda ya faɗi "to" ɗin na san ba zai yi ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan Azahar

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Da hantsi ina wanke-wanke na ji tsayuwar adaidaita a bakin lungu, sai sallama. Shamsiyya ce, da takalmina ƙafa ɗaya a leda. Ta ajiye a gabana ta ce, "Ba ni nawa." Kafin in yi magana ta wuce ɗakina kamar yadda ta saba, ta cire zumbulelen hijabin ta jefa a kujera.

Na daɗe da sani. Amma sani daban, gani daban. Na dafa ƙofa.

Ta hau gadona ta kwanta, ta gyara filo, ta ce, "Ciki gare ni, Zaituna, wata shida. Na faɗa. Ki zage ni in kin gama, yanzu dai lokaci na tafiya. Ga mai awo kin samu."

Na ce, "Ba ga Bahijja ba? Ai ita ke miki."

Ta ce, "Ita ke min. Yau ke nake so. Tana zaure ma, da kayan aiki, ta ce ba za ta shigo ba sai kin kira ta da bakinki."

Na tsaya. Ina so in ce su tafi su biyun, sun dace da juna. Amma wa zai riƙe waya? Na gwada jingina ta da kwanon sha, ta zame. Na sake, ta zame. Na leƙa na ce, "Sista Bahijja, shigo, kin tsaya a zaure kamar mai tallan kuka." Ta shigo sumui-sumui, ta gaishe ni, ta karɓi wayar.

Na wanke hannu. Na gabatar da kaina. Hawan jini lafiya, amma na ce mata ta rage tsayuwa, da faɗa na faɗa, har ta yi murmushi. Na auna tsayin ciki, daidai da watanninsa. Na dafa da tafin hannu biyu ina laluben kwanciya, sai ya harbe ni. Ɗan banza, a tsakiyar tafin hannu.

Sai fitoskof.

Na kafa, na sa kunne. Shiru. Ba na jin komai sai jinina yana bugawa a kunnena. Na matsar. Shiru. Ɗakin ya fara juyawa, na ji zan ɗago in ce a kira likita, na ji ashe haka Bahijja ta ji a ranar, da ni a kwance ina kallon saman kanta ina jira.

Ta bayan waya Bahijja ta yi raɗa, "Gangara hagu, Sista. Bayansa na can."

Na gangara hagu.

Yana nan. Da sauri-sauri, ƙanana, kamar agogon hannu a ƙarƙashin filo.

Doka ta ce a saurara minti ɗaya, a ƙirga, a ɗago a faɗa wa kyamara. Na ƙirga, na faɗa daga baya, muryata kamar ba tawa ba. Muka tura saura kaɗan sha biyu, da datar Bahijja, don tawa ta zaɓi yau ta ƙare.

Da za su tafi na ce wa Shamsiyya, "Har yanzu fa kishinki nake." Ta ce, "Na sani. Ranar Asabar ki yi dambu, da yaji sosai." Na ce ba gidan abinci na buɗe ba. Na ce wa Bahijja ita ma ta zo in ta ga dama.

Bayan sun tafi na kalli bidiyon. Wurin sauraren ya yi tsawo ƙwarai, Malam Abdulbaqi zai rage mini maki. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, nas ɗin ta ƙi ɗagowa, kunnenta a manne, kafaɗarta na rawa, mai cikin kuma ta miƙo hannu tana shafa mata kai. Tun kafin mu tura Bahijja ta tambaya ko a yanke wurin. Na ce a bar shi.

Juma'a, bayan Asuba

Babi na shida. Ashe 'yan shafuka kaɗan ne.